Waƙar Nanaye In Ta Fuskanci Gabas

A rumfar mai cajin waya ta kowane ƙauye tsakanin Ringim da Taura, memori ɗaya ake ɗura wa komai. Yaro ya miƙa wayarsa ya ce a tura masa waƙoƙi, mai rumfa ya zuba masa nanaye, ya bi da ƙasidu, ya cike da wa'azi. Can a gona lokacin yankan gero, waya na aljihu tana ta yi, waƙar saurayi da budurwa ta ƙare ta bege ta ɗauka, wani lokaci ma karin ɗaya ne, kalmomin kawai aka sauya. A irin wannan cakuɗa ne mutum zai ji mawaƙi yana ce wa yarinya ba shi da kowa sai ita, gabansa ya faɗi, don ya san maganar ta fi ƙarfin 'yar mutum. Allah kaɗai ake gaya wa ita a yi gaskiya.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Sana'ar mawaƙin soyayya zuzutawa ce, in kuwa ya zuzuta har ya ƙure maganar mutane, babu inda zai ari kalma sai rumbun tauhidi. "Da ke nake kwana, da ke nake tashi." "Kin san abin da ke raina tun ban faɗa ba." "Ko kowa ya guje ni kina nan." (Layukan misali da ke cikin wannan rubutu ƙirƙirarsu aka yi don bayani, ba daga waƙar wani aka ciro su ba, amma kowa ya san irinsu.) Gwada kowanne a kan budurwa, ƙarya ce mai daɗi: budurwa tana barci, tana mantuwa, ana iya ba da ita ga wani kafin kaka. Gwada shi a kan Wanda gyangyaɗi ba ya kama Shi, Wanda Ya fi jijiyar wuya kusa da bawa, sai maganar ta zauna daram. An ɗinka rigar da faɗi, wadda aka ɗinka wa ba ta cika ta ba. Kunnen da ya tashi a makarantar allo shi ke fara lura da haka.

Magabata sun san wannan ƙofa. Ka'abu ɗan Zuhairu da ya zo Madina neman afuwa, a gaban Annabi (SAW) ya buɗe ƙasidarsa da kukan rabuwa da wata mace mai suna Su'adu, ya siffanta ta, ya siffanta taguwar da za ta kai shi inda take, sannan ya iso yabo. Ba a katse shi ba, mayafi ma aka yafa masa. Burda ta Busiri, wadda ake rerawa a zaurukanmu duk watan Mauludi, wanda bai san ta ba in ya ji baitocin farko zai rantse waƙar masoyi ce: tuna maƙwabta, hawaye gauraye da jini, mai zargi da aka toshe wa kunne. Sai a fasali na uku ake shiga yabo sosai. Shehu Usmanu yana ɗan shekara 20 ya yi ƙasidarsa ta Larabci da ta buɗe da tambayar ko zai sami hanyar zuwa Ɗaiba, wato Madina, da gaggawa ya ziyarci kabarin Manzo, harshen mai kewa ne tsantsa. Zargin ma tsoho ne. Ibnu Arabi ya yi diwani na baitocin soyayya, wani malamin fiƙihu a birnin Halab na ƙasar Sham ya ce wannan ai mace ake wa waƙa, sai da ya zauna ya yi wa kansa sharhi baiti bayan baiti.

Wanda ya fi tsara maganar shi ne Imamu Gazali, da ya rasu a 1111. A cikin littafinsa Ihya'u ya ware babi guda kan ladubban sauraro, ya kawo labarai biyu da suka isa a gina komai a kansu. Na farko, wani bawan Allah ya ji mai tallar ganyen ƙamshi na daji yana kira da Larabci "ya sa'atar barri", sai shauƙi ya ɗebe shi. Da aka tambaye shi, ya ce shi abin da ya ji shi ne "is'a tara birri", wato yi ƙoƙari za ka ga alherina. Mai talla bai nufi komai ba sai ciniki. Abin da ke cikin tulu ne ya tsattsafo. Na biyu ya fi muhimmanci. Wani saurayi ya ji kuyanga tana waƙa tana ce wa masoyi kullum launi yake sauyawa, wanin haka ya fi dacewa da shi. Saurayin ya ɗauki maganar a kan kansa, ya ce wallahi haka yake jujjuyawa tsakaninsa da Ubangijinsa. Gazali ya ce wannan fahimta daidai ce, amma da ya ɗora sauyin launin a kan zatin Allah da ya kafirta, don Allah Shi ke sauyawa bayi hali, Shi ba Ya sauyawa. Ke nan ba kowane layi ake ɗauka a miƙa sama ba, kuma wanda bai san abin da ya wajaba, da wanda ya koru, da wanda ya halatta ga Allah ba, wato siffofi ashirin ɗin nan da ake haddacewa a zaure da kishiyoyinsu, bai kamata ya shiga wannan ruwa ba.

A ƙasar Hausa yawancin juyin da ake yi wa waƙar soyayya ba kai tsaye yake zuwa ga Allah ba, ga Annabi yake zuwa, sai kuma shehunnan ɗariƙa. Har kalmar bege, wadda asalinta kewar wanda ba ya kusa ce, ta zama sunan waƙar yabon Manzo. Akwai hikima a nan. Waƙar soyayya tana buƙatar fuska, da gari mai nisa, da hanya, da ɗan aike. Annabi yana da kamannin da sahabbai suka siffanta aka tattara a Shama'il ta Tirmizi, yana da gari, yana da kabari ƙarƙashin koriyar ƙubba, kuma duk shekara ana raka alhazai ana cewa a gaishe shi. Kayan aikin mawaƙin soyayya duk sun sami wurin zama. Allah kuwa babu abin da ya yi kama da Shi, kamar yadda aya ta 11 ta Suratus Shura ta faɗa, don haka layukan da za su iya fuskantarSa kai tsaye kaɗan ne.

Hanya mafi aminci ga mai son juya waƙar soyayya ga Allah ko ga Manzo ita ce a rubuta waƙar a takarda, layi ɗaya ƙarƙashin ɗaya, a kasa ta kashi huɗu kamar yadda ake kasa gyaɗa.

Kashi na farko, layukan dogaro da ambato da neman yafiya: ba ni da kowa sai kai, sunanka ne a bakina, na yi laifi ka yafe. Waɗannan suna tafiya ga Allah ba gyara. Wasunsu ma ba sa tafiya ga kowa sai Shi, kuma a nan sha'irai da yawa suke zamewa. Layin da ya ce "rayuwata da mutuwata a hannunka suke" in an juya shi ga Annabi ko ga wani shehi, an gudu daga gidan gara an faɗa na zago: an cire shi daga kan budurwa, inda kowa ya san wasa ne, an kai shi inda za a ɗauke shi aƙida. Hadisin da Buhari ya ruwaito ya hana a zuzuta Annabi yadda Nasara suka zuzuta ɗan Maryama, Busiri ma ya gindaya wannan iyaka a tsakiyar yabonsa.

Kashi na biyu, layukan nisa da kewa da kyau: garinku ya yi nisa, na kwana ban runtsa ba, in ka yi murmushi gari ya waye. Waɗannan na Manzo ne. Amma siffar jiki sai a tace. Hasken fuska, ƙamshi, kwarjini, taushin hannu, duk sun zo a ruwaya. Ƙugu, leɓe, rangwaɗa, da duk abin da ɗan'adam ke siffanta abin sha'awarsa da shi, a bar su inda aka same su.

Kashi na uku shi ne mai wuya, kuma shi ya fi yawa a nanaye: ƙorafi. Kin yaudare ni, kin ci amanata, jiya kina so yau kin juya baya. Mutum cikin baƙin ciki, amfanin gona ya lalace ko an yi masa rasuwa, yana iya jin irin wannan layi ya tsinci zuciyarsa tana nuna sama da shi. Wannan shi ne ramin da Gazali ya yi kashedi a kai. Allah ba Ya saɓa alkawari, kuma Ya gaya wa Annabinsa a Suratud Duha cewa bai yi masa bankwana ba, bai ƙi shi ba. Layin ƙorafi yana da mazauni biyu kacal. Ko dai ka juya shi kanka, ka ji kamar kai ake wa tuhuma: kai ne ka yi alkawari a daren ashirin da bakwai ga azumi, kafin a gama sittu shawwal ka watsar. Ko kuma ka ɗora shi a kan duniya. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu, don mawaƙan wa'azi na da sun sha siffanta duniya da mace mai kwalliya mai yaudara, Bahaushe kuma ya riga ya ce duniya budurwar wawa. In aka saurari waƙar yaudara da wannan kunne, sau da yawa ko harafi ba sai an taɓa ba.

Kashi na huɗu na zubarwa ne, ba a wahalar da kai a kansa: lefe, sadaki, kishiya, ɗaki, ciniki irin na "in ka bar ni in bar ka", da duk layin da ya nuna abin so yana buƙatar masoyi. Allah mawadaci ne. Haka nan "ni da kai mun zama ɗaya": a bakin saurayi shirme ne, a bakin mai zikiri kuwa magana ce da ta sha jawo fitina. In kashi na huɗu ya rinjayi sauran ukun, waƙar ba ta juyuwa, a ƙyale ta.

Wannan duk aikin mai sauraro ne a cikin zuciyarsa. Sha'irin da zai ɗauki karin ya ɗora masa sabbin kalmomi don Mauludi ko walimar sauka, aikinsa ya fi haka, kuma a nan ake gane gwani da ɗan koyo.

Abu na farko awon gaɓa. Hausa tana da gaɓa sassauƙa, baƙi da gajeren wasali, da gaɓa mai nauyi, wadda wasalinta dogo ne ko ta ƙare da baƙi. Kari an yanka shi ne daidai da nauyin kalmomin asali, don haka ƙirga yawan gaɓa kaɗai ba ya isa. A rubuta layin asali, a sa ɗigo ƙarƙashin sassauƙa, a ja layi ƙarƙashin mai nauyi, sannan a nemo kalmomin da suka bi wannan sawu. Ɗauki "masoyiya": sassauƙa, nauyi, sassauƙa, nauyi. Ɗan koyo zai sa "masoyi", gaɓa ɗaya ta ɓace, sai ya ja wasali ya cike. "Habibuna" ko "Shafi'una" sun hau sawun cif. "Muhammadu" ma ya kusa hawa, amma akwai ladabi: aya ta 63 ta Suratun Nur ta hana a kira Manzo yadda ake kiran juna, don haka a wurin kira gara laƙabi. "Masoyiyata" gaɓa biyar ce, "ya masoyina" ma biyar ce, amma nauyinsu ya saɓa tun daga gaɓar farko, sai ka ji 'yan amshi suna tuntuɓe ba su san dalili ba. "Habibu nawa" shi ne takwararta.

Sauya mace zuwa namiji yawanci ba ya ba da wahala. Ke da kai nauyinsu ɗaya, haka ki da ka, miki da maka, sonki da sonka. Har "kin zo" da "ka zo" sun yi daidai, don wannan "ka" ɗin dogo ne. Inda ake samun giɓi shi ne "kika": "ranar da kika zo" in ya koma "ranar da ka zo" an yi asarar gaɓa. Maganinsa jam'in girmamawa, "ranar da kuka zo", ya cike awo ya ƙara ladabi. Wannan ga Manzo da shehunnai ne. Allah da tilo ake kiranSa. Waƙar da namiji da mace ke karɓa-karɓa kuma, a lura da bakin macen: a asali ita ce abin so tana mayar da martani. In aka bar tsarin haka, sai ya zama an sa wa Annabi magana a baki. A mai da ɓangaren nata amshin salati kawai.

Jan wasali ba a wurinsa ba shi ne ɓarnar da ta fi yawa, kuma mai yi ba ya ji, mai sauraro ke ji. "Zan je garin Manzo", in kari ya tilasta aka ja gaɓar farko ta "gari", an koma garin tuwo. "Kuka" na hawaye muryarsa a sama take duka, in kari ya sauke gaɓar ƙarshe sai ta koma kukar miya. A Larabci abin ya fi muni: jan wasalin farko na sunan Allah yana mai da magana tambaya, jan wasalin ƙarshe na "akbar" yana ba da wata kalma daban, kuskuren da ake yi wa ladanai kashedi a kai. Duk inda kari ya nemi dogon ja, a tabbata gaɓar da ta faɗa wurin mai dogon wasali ce tun asali. In ba ta samu ba, a sauya kalmar, kada a murɗe ta.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kari yana da ƙwaƙwalwa. Tun wajen shekarun 1960 finafinan Indiya suka kama zukatan mutanen Kano, har aka sami ƙungiyoyin 'yan bandiri irin su Ushaƙu Indiya da suka shahara wajen ɗaukar karin waƙoƙin fim su ɗora masa yabon Manzo. Hujjarsu ita ce matasa sun riga sun kamu da karin, gara a cika shi da alheri. Masu suka suka ce ai wanda ya ga fim ɗin, ko salati ake yi, jaruma yake gani tana gudu a cikin furanni. Duka biyun sun faɗi gaskiya, bambancin yana ga mai sauraro. Tsohuwar da ba ta taɓa jin asalin ba, bege take ji zalla. Jikanta kuwa biyu yake ji a haɗe. Ga kuma wani tarko: wasu waƙoƙin finafinan Indiya a gaban abin bautarsu ake rera su, wasu kuma asalinsu daga waƙoƙin sufayen can aka aro. Wanda bai san asalin kari ba ya tambaya kafin ya ɗauka.

Gwajin da ya fi sauƙi ba ya cin ko sisi. A tara samari biyar ko shida da 'yan mata kamar haka daga cikin ɗalibai, a yi musu gunjin karin da baki rufe, ba kalma. In wani ya kama amshin asali ko aka fara kallon juna ana murmushi, karin bai huce ba. Kari yakan huce in waƙar ta fita daga yayi, DJ ya daina sa ta a kamu da wunin biki, sai a jira. In ana so a gaggauta, abu uku ke raba kari da tsohon gidansa. A rage masa gudu, yadda kafaɗa ba za ta motsa da kanta ba. A cire gabatarwar fiyano da ɗan kiɗan da ke shiga tsakanin baiti da baiti, don su ne tambarin waƙar, da su ake gane ta tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Bandiri ko tafi ya isa. Sannan a sauya amshi gaba ɗaya, kalma da amsa-amo, don in sabon amshi ya ƙare da sautin tsohon, harshe da kansa zai zame ya koma gida. Masu kai aikinsu sitidiyo a birni su kula, mai kiɗa yakan ɗauko kiɗan da ya riga ya ajiye ya ɗora musu, su dawo da waƙar biki mai kalmomin Mauludi.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan bayani a matsayin lasisi. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin zaure ya bi ta kanta, ta hana sauraron kayan kiɗa da waƙa da gangan. Ibnu Mas'ud ya fassara "lahwal hadisi" na aya ta 6 ta Suratu Luƙman da waƙa, malaman Izala da wasu na ɗariƙa ma suna kan wannan. Ƙadirawa suna buga bandiri a zikiri, marigayi Shehu Nasiru Kabara ya kare shi, Tijjanawa kuwa wazifarsu ba kiɗa. Gazalin da ya buɗe ƙofa shi ma ya lissafa abubuwa biyar da ke rufe ta: mai rerawar in fitina ce ga mai ji, kayan kiɗan in irin na mashaya ne, kalmomin in batsa ne ko ƙarya ga Allah, mai sauraron in sha'awa ta rinjaye shi, da kuma mayar da abin sana'ar dare da rana. Na huɗun ya fi shafar samari. Wanda ke da wata takamaimiya a ransa, wadda yake zuwa zance wurinta ranar kasuwa, duk "ke" da ya ji sunanta zai sa, ko ya rantse Madina yake tunani. Gara ya yarda waƙar budurwarsa yake ji, ya fi masa lafiya da ya yi wa sha'awa rawani. Alamar da ake dubawa ita ce abin da ya biyo bayan waƙar: wanda ta tura shi ga buta da wanda ta tura shi ga neman kati ya kira waya, ba abu ɗaya suka ji ba.

Junaidu, babban sufin Bagadaza, ya ce sauraro yana buƙatar abu uku: lokaci, wuri, da abokan zama. Malaman Islamiyya masu shirya yara don Mauludi su fi kowa riƙe wannan, don baitin da ya sa dattawa hawaye a zaure bayan isha'i, shi ne in aka sa shi a lasifika a dandali da la'asar, 'yan mata sun ci kwalliya sun jeru, samari sun kewaye a kan babura, zai koma abin da yake tun farko. A yi gwajin ƙarshe a filin da za a yi taron, ba a aji ba, malami ya tsaya a sahun baya inda manyan yara suke, ba gaba wurin ƙanana ba. In daga can ya ji tsohon amshi yana fita ƙasa-ƙasa, ya ajiye karin, ya ɗora baitocin a kan ɗaya daga cikin karin da ake karanta Ishiriniya da su. Sai dai Ishiriniya a awon waƙar Larabci da ake kira bahari Ɗawil take, layinta dogo ne, don haka yawanci sai an haɗa layi biyu na nanaye kafin su cika ɗaya nata, a sake bin ɗigo da layi daga farko.